Ranar da Saratu Ta Yi Sallama Sau Uku

Abin nan ya faru ne bayan kullen annoba, a shekarar da aka canza takardun kuɗi mutane suka yi ta yini a bakin banki. Malam, mahaifinku, yana da damina huɗu a ƙasa lokacin, mun kuma daɗe ba mu ji kukan jirgin ƙasan da ya yi wa aiki ba. Ni ban san lissafin shekarun Bature ba, ban shiga aji ba ko na yini ɗaya, amma ba a taɓa kama ni da mantuwa ba. Ina faɗa, jikata Rukayya tana rubutawa, na kuma gaya mata in ta gyara min magana zan gane, don sai ta karanta min daga farko.

Dalilin da ya sa na ce a rubuta shi ne maganar da ke yawo a dangi. Wai tun da Inna Asabe ta koma Samaru, gidan 'yarta Binta malamar jami'a, ta fi ƙarfin mutanen Unguwar Gabas, har ta juya wa Saratu baya. To, na juya mata baya, wannan gaskiya ne. Amma ku ji yadda aka yi kafin ku yanke min hukunci.

Ku manya kun san Saratu, ƙananan ne ba su sani ba. Maƙwabciyata ce a Unguwar Gabas, cikin Sabon Gari, fiye da shekara arba'in. Kirista ce, mijinta Malam Yohanna malamin firamare ne, ya riga Malam rasuwa. Katanga ɗaya ce tsakaninmu, ba ta wuce ƙirjina ba, kuma akwai wurin da bulo ɗaya ya faɗi tun ina goyon Binta, ba wanda ya taɓa mayar da shi domin ta nan kwano ke wucewa. Ni ina suyar waina ina sayar wa ma'aikatan reluwe, ita kuma duk unguwar ba mai fate irin nata, da yakuwa da gauta. In na miƙa waina, kwanon ya dawo da fate. In ta miƙo fate, ya koma da waina. Ko ranar da babu, sai an sa goro ko gyaɗa a ciki, don kwano ba ya komawa haka nan. Ita take kirana Gimbiya, wai saboda ba na fara gaida mutum. Ni kuma ina ce mata Uwar Zumunta, saboda rigar zumuntar matan cocinsu da take gogewa kamar za a ɗaura mata aure.

"Gimbiya, an tashi, ko sai an kawo masu algaita?"

"Yaushe na yi barcin da zan tashi? Tun asuba kike rera waƙa kamar an taka wutsiyar akuya."

"Addu'a nake miki, ko Ubangiji zai sauke miki wannan kai."

Haka muke buɗe gari kullum.

A daminar nan na zame a bakin rijiya na bugu a ƙugu. Mako uku ina kwance, Saratu ce ke juya ni tana yi min wanka, ita da gwiwa ke damu, ga yanar ido ta fara rufe mata gani. Ɗana na fari, wanda ba na faɗin sunansa, ya taso daga Legas, suka haɗa kai da Binta suka ce gidan ya tsufa, rufin yana yoyo, a sayar, in koma Samaru. Na ce sai dai a fitar da ni a makara. Suka yi lallashi, suka yi faɗa, Binta har da kuka. Ban motsa ba. Wadda ta karya ni ita ce wannan mai rubutun.

Rukayya tana karatu ne a kan wani tabarau mai kauri kamar ƙaramin akwati, ana ɗaura shi a kai da maɗauri. Sunansa na Turanci bakina bai iya ba. In ka sa shi, ɗakin da kake ciki ya ɓace, sai ka gan ka a wani wuri, in ka juya hagu ka ga hagun wurin, in ka ɗaga kai ka ga samansa. Ita da abokan karatunta suna binciken abin da zai sa mutane irinmu su so shi har su saya. Ta ɗaura min ina kwance. Sai ga ni a ƙarƙashin ruwa, wani kifi mai girman ɗan maraƙi ya nufo ni. Na damƙe ƙarfen gado na yi salati.

"Kaka, kin ga wannan? Haka zan ɗauke miki gidan nan gaba ɗaya in sa a ciki. Zaure, rijiya, ɗakin Malam, komai. Duk lokacin da kika so, ki sa ki dawo gida."

"Har da bishiyar lemon?"

"Har da tururuwan da ke hawanta."

Saratu tana zaune a bakin gadon tana tsinke zogale. Ta ce, "Tafi, Gimbiya. Samaru ba Makka ba ce. Keke ɗaya ne." Sai na ce to.

Ranar ɗaukar hoton akwai laifina a ciki, zan faɗa. Na ce ba za a ɗauki gidana da ƙazanta ba, mutanen jami'a su gani su ce ga inda uwar Dakta Binta ta fito. Na sa aka share, aka shafa farar ƙasa, aka kulle kaji a akurki, aka ɓoye tandata mai baƙin shekara talatin a bayan ɗaki, aka kwashe murhu. Rukayya kuma ta kafa na'urarta a tsakar gida a kan ƙafa uku, ta ce tana gani ta kowane gefe, don haka kowa ya shige ɗaki ya rufe ƙofa kada ya ɓata hoton. Saratu ta shanya zannuwanta a kan katanga. Ni da bakina na ce ta kwashe.

"To, ni ma in ɓuya?"

"Ke ce ma ta farko. Wa zai so ganin wannan fuskar kullum?"

Ta yi dariya ta kwashe shanyarta ta shige.

Gidan Binta ba abin da babu. Ruwa a famfo, kujeru masu laushi, banɗaki a cikin ɗaki da ƙarfen riƙewa. Amma unguwar shiru take kamar an yi rasuwa. Kowane gida da shingen fulawa, kowa ƙofarsa a rufe, gaisuwa kuwa ta tagar mota ake yi, a ɗaga hannu a wuce. Binta ta fita da safe, Rukayya ta bi bayanta, ni da agogon bango mu yini. Ni da na saba kafin rana ta ɗaga na yi magana da mutum hamsin, sai ga shi ina kai azahar ban buɗe baki ba sai don salla. Wata rana na kama kaina ina yi wa ƙadangare faɗa a kan taga.

Mako biyu da zuwana Rukayya ta kawo tabaran, da abokan karatunta uku, biyu maza, da takardunsu na tambaya. Nan aka fara samun matsala. Maɗaurin ba ya zama a kan ɗankwali, wai sai na cire.

"A gaban waɗannan? Uwarki ma ba ta cika ganin kaina ba."

"Mama, minti biyar ne kawai," in ji ɗayan, wani dogo mai haɗa Hausa da Turanci kamar mai dama fura da cokali biyu.

"Wanda ya ƙera abin nan, uwarsa ba ta ɗaura kallabi ne?"

Suka yi dariya, suka rubuta. Daga ƙarshe muka yi dabara. Na juya na cire ɗankwalin, Rukayya ta ɗaura min, sannan na ja mayafina na lulluɓe kaina da tabaran gaba ɗaya. Ta kuma toshe min kunnuwa da wasu marufai, wai don in ji ƙarar gidan. Daga ranar haka nake sa shi ko ni kaɗai ce, don ban iya zama kai a buɗe ba.

Sai ga ni a zaurena. Wallahi zaurena ne, har da ƙusar da Malam ke rataye hularsa. Bakina ya riga ni, na yi sallama. Ba wanda ya amsa. Na sake yi. Ina jin yaran suna dariya can nesa, ni kuwa na tsaya, don ban taɓa shiga gida ba a amsa min ba, ko da nawa ne, kullum akwai mai amsawa, in ba kowa Saratu ta amsa ta kan katanga. Rukayya ta danna wani abu na tsinci kaina a tsakar gida. Fes, fari tas, ba kaza, ba hayaƙi, ba takalmi ko ɗaya a bakin ƙofa. Injin niƙan Ɗanladi yana ƙara daga nesa, iska tana kaɗa lemon. Gidan da ban taɓa zama a cikinsa ba ke nan, kamar gidana ranar da na mutu aka watse.

Suka tambaye ni yaya na gani. Na ce yana da nauyi, yana sa gumi a goshi, in na juya da sauri jiri na ɗibata. Suka rubuta. Ban gaya musu sauran ba.

Amma na ci gaba da sawa. Ku da kuke cewa tsoronsa nake, wai na ɗauka aljanu ne a ciki, ba ku san komai ba. Na iya kunna shi da kaina, na iya sa masa caji. Kullum in suka fita, na yi walaha, sai in zauna a kujerar ofis ɗin Binta mai juyawa, in ɗaura, in lulluɓa, in toshe kunne. Ba ɗakin Malam nake zuwa ba, ba rijiya ba. Katanga nake zuwa, wurin bulon nan da ya faɗi. In zauna ina kallo. Na sani sarai tana bayan ƙofar can a lokacin da aka ɗauka, tana jira a ce ta fito. Sai in ga kamar in na daɗe za ta gaji ta buɗe.

Wata Alhamis, wata biyu da ƙaurata, ba wuta, zafi ya yi yawa, na buɗe ƙofar falo na bar labule. Na shiga gidana na akwati na daɗe a ciki. Da na cire, idona ya washe, sai na ga langa a bakin ƙofa, daga ciki, an ɗan ture labulen an ajiye. Shuɗiya, murfinta da tabo a gefe. Ko a cikin langa dubu zan gane ta. Na ja ƙafa na taɓa, da sauran ɗumi. Fate ne.

Na fita ba takalmi, da sandata, har bakin titi. Ba kowa. Matar malamin da ke gidan kusa tana ba fulawarta ruwa, ita ta gaya min. Wata tsohuwa ce ta sauka daga keke, da sanda, tana tambayar gida gida har aka nuna mata. Ta tsaya a ƙofa ta yi sallama. Ta ɗaga labule ta sake yi. A ta uku, in ji matar, da ƙarfi ta yi har ita ta jiyo.

"Ina kallo ta taga, Mama. Kina zaune kin rufe kanki da mayafi. Da ta yi ta ukun sai kika juya kujerar kika ba ta baya. Ta daɗe a tsaye. Sannan ta ajiye kwanon ta tafi."

Na san lokacin. Na juya ne in kalli katangarta.

Da Binta ta dawo ta ji, ko jakarta ba ta ajiye ba. Ta ce, "Inna, tashi mu je yanzu, ga mota." Da na tashi, da ba a rubuta wannan takarda ba. Amma kunya ta riƙe ni. Ni Asabe, da nake yi wa matan unguwa dariya in sun zauna kallon fim har tuwo ya ƙone, in je in ce wa Saratu akwati na ɗaura a fuska ina kallon katangarki? Za ta ba zumuntar mata labari har shekara ta zagayo. Na ce ba zan mayar da langa haka nan ba, sai na yi waina. Tandata kuwa an bar ta a tsohon gida. Binta ta sayo sabuwa washegari, na ce ba ta yi ba, sai ta sha mai tukuna. Da ta ga ina ja, sai ta kira wayar Saratu ta manna min a kunne.

"Uwar Zumunta, ashe kin zo."

"Na zo, Hajiya. Na tarar kina hutawa."

Hajiya. Ko ranar da na dawo daga Makka da haƙorin zinariya ba ta kira ni haka ba. Kalmar ta soke ni, kuma ni in abu ya soke ni faɗa nake yi. Maimakon in ce mata ban ji ba ne, ban gani ba, ga abin da ke kaina, sai na ce:

"Shekara arba'in, ba za ki iya shigowa ki taɓa ni ba? Sai ki ajiye kwano kamar 'yar aike?"

"Gidan da na sani nake shiga ba izini. Wannan ban san shi ba."

"To, ki gaida mutanen unguwa."

"Za su ji."

Binta ta so ta sake kira ta yi bayani da kanta, na hana. Na ce in ta kira ban yafe ba. Na ce ai ita ta yi fushin banza, ita za ta sauko. Kullum ita ke saukowa. Duk faɗan da muka yi a rayuwa, a kan kaza, a kan yara, a kan ruwan wanki, ita ke leƙowa ta katanga da safe kamar ba a yi ba. Ban lura ba cewa katangar ce ke sauƙaƙa mata. Yanzu sai ta shiga keke da ciwon gwiwa da rabin ido, ta zo inda aka ba ta baya.

Na ce Kirsimeti na zuwa, shinkafarta da cincin ba su taɓa fashi ba. Ranar na yi wanka tun safe na zauna a falo, ƙofa a buɗe, ban taɓa tabaran ba. Har magariba. Bayan sati biyu na jiƙa shinkafa, na soya waina da hannuna a sabuwar tandar, na cika langar, na ce Binta ta kai ni. Muka bi ta Hanwa muka shiga Sabon Gari. Gidana babu shi. An tayar da bene rabi, za a yi shaguna, magina suna ta kwaɓa siminti a inda lemon yake. Katangar an rushe an yi sabuwa mai tsawon mutum biyu. Ƙofar Saratu da kwaɗo. Ɗanladi mai niƙa ya ce ɗanta Bulus ya zo ya tafi da ita Jos tun kafin Kirsimeti, za a yi mata aikin ido, kuma Bulus ya ce ba za ta dawo ta zauna ita kaɗai ba, tun da wadda ke leƙa ta ta tashi. Na miƙa wa maginan wainar. Suka ci a tsaye suna sa min albarka, ina zaune a mota.

Da aikin Rukayya ya zo ƙarshe, ta zo da takardarta ta ce saura tambaya ɗaya, me zai sa mutum kamar ni ya sayi tabaran nan da kansa. Na ce ta rubuta, kuma ta kai wa dogon nan. Nauyi ana jurewa, mun ɗauki tulu a kai. Tsada ma in abu ya shiga rai ana saye, ga waya a hannun kowace tsohuwa. Amma waya in ta yi ƙara mutum ne a ciki. Wannan kuwa ya kai ni har ƙarƙashin teku bai haɗa ni da kowa ba, wanda ma ya zo da ƙafarsa ya raba ni da shi. Mu nan ba ma zama a ɗaki a rufe, ana shigo mana, ana sallama, amsawa kuma wajibi ce. Ranar da suka yi wanda zan sa a kan ɗankwalina, in ji sallama, in ga mai shigowa, in kuma tarar da mutum a ciki da zai amsa tawa, ranar za su sayar har a kasuwar Sabon Gari. Ta ce ai sababbin da ake yi yanzu suna nuna maka ɗakin da kake ciki da wanda ya shigo. Na ce madalla, sun makara da Alhamis ɗaya.

Tabaran yana cikin durowa. Nakan ce a yi masa caji, don gidan ba shi da wani wuri yanzu sai nan, amma ban cika sawa ba.

Cikin waɗanda muka zauna a layin nan, Malam ya tafi, Malam Yohanna ya tafi, Hajiya Lami mai ƙosai ta tafi bara, Audu direba da matansa duk sun tafi. Ɗanladi yana nan, injinsa ya cinye masa kunne, sai an yi ihu yake ji. Ni ina nan. Saratu tana nan a Jos, an ce aikin bai yi ba, ido ɗaya ma ya tafi. In Binta ta kira, Bulus ne ke ɗauka, da ladabinsa, ya ce Mama tana barci, ko tana coci. Ban sani ba ko shi ke faɗa ko ita ke sa shi.

Rukayya, ki yi wannan kwafi biyu, ɗaya na dangi, ɗaya a aika wa Bulus ya zaunar da ita ya karanta mata duka, kada ya tsallake. A ƙasa ki sa da manyan baƙaƙe: Saratu, ban ji ki ba ne. Wa alaikumus salam, sau uku. Ni ce da laifi, ki yafe min. Shekara hamsin na zauna da Malam bai ji wannan daga bakina ba. Ke kuma Rukayya, kada ki jira mai zuwa Jos, ki kai takardar tasha gobe da safe.